Ganyen Geron da Ya Ji Ƙishirwa

Ɗiyata, Allah ya jiƙanta, ita ce ta fara gaya mini cewa a cikin ganyen gero akwai ma'aikata. Muna zaune a zauren gidana a Gangara, ta zo hutu daga jami'a, sai ta tsinko ganye ɗaya daga wani gero da ya fito da kansa a gindin katanga, ta ɗaga shi ga haske.

"Baba, cikin wanga ganye akwai wasu abubuwa ƙanana da ido bai gani. Furotin sunansu. Su ka yin duk aikin da gero ka yi. Wani shi ka jawo ruwa, wani shi ka rufe ƙofa in rana ta yi zahi, wani kuma ɗan aike na kawai."

Na ce, "Su nawa na?"

"Dubbai. Kuma babu mai aiki shi kaɗai, kowane da abokan aikinsa. Ni aikina in gano wa ka aiki da wa."

Iyakar karatuna firamare ne a Sabon Birni, sai allo kafin nan. Amma wannan na gane shi, domin na san gayya, na san yadda mutum ashirin ke shiga gona kowa da wanda yake jerawa da shi. Ta ce in ta gama za ta zana su a takarda. Kowane furotin ɗigo ɗaya, in biyu suna aiki tare sai a ja layi tsakaninsu. Taswira take kiran abin.

Geron da take son bincika shi ne namu na gida, wanda na gada wajen mahaifina. Karansa gajere ne, zangarniyarsa ba ta da tsawo, ƙwayarsa ƙanana. A shekarar wadata ba ya burge kowa, shi ya sa mutane suka fara barinsa suna sayen sabon iri mai dogon kai a kasuwar Sabon Birni. Amma in ruwa ya ɗauke, namu sai ya naɗe ganyensa ya tsaya cik, ba ya girma ba ya mutuwa, ranar da ruwa ya dawo ya miƙe. Mu mun san haka da ido. Ita tana son ta nuna dalilin a takarda. Malaminta ya ce mata in ta nuna cewa ma'aikatan cikin geron nan suna haɗuwa ta wata hanya dabam lokacin fari, za a karɓi irin a adana shi a ci gaba da bincikensa, ita kuma ta samu digirinta na biyu a kansa. In ba ta nuna ba, za a bar maganar geronmu, ita kuma shekarun da aka ɗibar mata su ƙare a banza.

A wannan shekarar, ruwan farko ya zo da wuri, muka yi shuka da murna. Da yabanya ta kai gwiwa sai sama ta ɗauke. Sati uku babu ko ɗigo. A cikin kwanakin nan ɗiyata ta iso da wani tulun ƙarfe mai nauyi. In an buɗe bakinsa hayaƙi fari yake fitowa, amma na sanyi ne. Ta ce kada in kuskura in sa yatsa, kada kuma in toshe bakin gam. Ta ba ni 'yan kwalaben roba masu lamba, ta ce gona arba'in take so, duk ta masu noman irin gida, kowace gona tushe uku. Ganye na uku daga sama za a yanka, kafin hantsi ya ɗaga, a naɗe a sa a kwalba, a jefa cikin tulun nan take. Ita dole ta koma Sakkwato, domin tana koyarwa a wata makaranta da safe, kuma sai ta shirya ɗakin gwaje-gwaje kafin tulun ya iso.

Ta faɗi komai ban da abu ɗaya. Ba ta ce wane tushe za a yanka a cikin gonar ba. Ita ba ta ga akwai abin faɗi a nan ba, ni kuma ban ga abin tambaya ba.

Wanda ya ɗauke ni a babur taubashina ne, ɗan ƙanen mahaifiyata, yana zaune wajen Isa. Tun muna yara ba mu iya gaisawa ba sai da tsiya. A lokacin hanya lafiya lau take, mutum na iya tashi daga Gangara ya nufi Isa babu fargaba. Ya ɗaura tulun a bayan babur da roba, ya ce, "Hau, Malam Likitan Ganye. Ka riƙe tukunyar aljanunka da kyau, in ta ƙone mani baya kai za ka biya."

Duk gonar da muka je, magana ɗaya ce. Mai gona zai ce, "Ɗiyarka ta? Wadda ka jami'a? Birni za a kai shi?" Sai ya shiga gaba, ya ratsa da mu ta cikin kunyoyin da suka bushe ba tare da ya dube su ba, har ya kai mu inda yake so mu gani. Wani gindin gawo, inda gero ke yin kore ko da sauran gona ta yi fari fat. Wani cikin kwari inda ƙasa ke riƙe laima. Wani kuma inda Fulani suka zauna da shanu da rani suka bar taki. A wajenmu, abin da zai fita daga hannunka ya shiga hannun baƙo, mai kyau ake zaɓa. Ko dami za ka ba suruki, ba ka ɗauko na bakin rumbu, sai ka tona. Kuma gonar mutum mutuncinsa ce. In ka ratsa ta inda ta lalace, kau da kai kake yi kamar ba ka gani ba.

Ba za ni ɗora wa maƙwabtana laifin su kaɗai ba. Ni da hannuna na mayar da ganye da yawa don na ga bakinsa ya fara rawaya. Ɗiyata za ta buɗe kwalaben nan a gaban malamanta, ban so a ce daga Gobir busasshen ganye aka aiko. Ga shi kuma sanyin tulun kwanaki kaɗan yake yi, don haka muka tsaya ga gonakin bakin hanya da na kusa da gulbi. A kwana huɗu muka gama. Na kai tulun tashar Isa, na sa aka ɗaure shi a kujerar gaba, na dawo gida ina jin na yi aikin da babu uban da zai fi ni.

Ruwa ya dawo a makare, aka girbe ɗan abin da aka samu. Da rani ɗiyata ta zo gida. Kwana biyu tana taya mahaifiyarta aiki ba ta taɓo mini zancen ganyen ba. Ran na uku ta shigo zaure da wata babbar takarda ta shimfiɗa a kan tabarma. Ɗigo ne birjik, da layuka. A tsakiya akwai wasu manya, layuka sun taru a kansu kamar sawun shanu a bakin rijiya.

Na nuna su na ce, "To ga manyan gari nan kin samo."

"Waɗanga kowa ya san su, Baba. Cikin shinkafa akwai su, cikin masara akwai su. Sun yi girma a takarda don su anka hi bincika tun da daɗewa, duk wanda yaz zo su shika fara tambaya. Kamar mai shagon bakin tasha na. Kowa ya san shi, amma ba don ya hi kowa dangi ba."

"To ina na fari?"

"Babu. Takardar ta ce geronmu bai san an yi fari ba." Ta naɗe ta a hankali. "Malam ya ce ko dai geron bai da wani abu na dabam, ko kuma ganyen ƙarya shikai. Gobe ina son ka kai ni in ga inda kay yanka."

Da safe muka fita gonata. An riga an kwashe kara, sai tushe. Na wuce da ita kai tsaye gindin gawo, wanda a lokacin ya cika da ganye kamar yadda yake yi da rani. Na nuna mata wurin.

Ta dubi ƙasa, ta dubi itacen. "Ta biyu fa?"

"Ta maƙwabcinmu, can cikin kwari."

"Ta ukku?"

"Inda Fulani sunka yi zama."

Ta zauna a kan saiwar gawon. "Baba, duk arba'in ɗin haka?"

"Duk. Ko ɗaya ban bari an ba ki mai rawaya ba." Har a lokacin da alfahari na faɗa.

Ta ja mayafi ta rufe fuska, kafaɗunta suna rawa. Na zaci kuka take yi. Da ta buɗe sai na ga dariya ce, amma da hawaye a ciki, ban san wanne ya fi yawa ba.

"Na aike ka ka tambayo masu ƙishirwa yadda sunka yi, ka tahi ka tambayi waɗanda ka zaune bakin randa."

Sai a nan na gane. Na tsaya da hulata a hannu, ban san lokacin da na cire ta ba. Ta ce laifinta ne da ba ta faɗa ba, ta maimaita har sau biyu. Amma shekara guda ta tafi, kuma da wuƙata aka yanka ganyen.

A nan gindin gawon ta kira malaminta a waya. Bayarabe ne, ya daɗe a Sakkwato har Hausarsa ta fi ta wasunmu, kuma kowa ya san wasan da ke tsakanin Gobirawa da Yarbawa. Ta yi masa bayani da Turanci, na ji yana dariya tun daga inda nake tsaye. Sai ta miƙo mini wayar.

"Bagobiri! Ashe kai ne ka yi wa ganye kwalliya kafin ka aiko mini?"

Na ce, "Ranka ya daɗe, mu mun saba ba bayinmu abu mai kyau."

Ya yi dariya har da tari. Daga nan ya gyara murya. Ya ce zai nema mata damina ɗaya, ita kaɗai, bayanta babu wata. Ya ƙara da cewa in Allah ya ba da ruwa isasshe bana, to aikin ya tsaya ke nan, domin ba a tambayar gero labarin ƙishirwa alhali yana ƙoshe.

Wannan maganar ta zauna mini a rai har damina ta kama. Na roƙi ruwa da gaske, kamar kowa, domin rumbuna ya kusa ƙasa. Ita ma da na taɓa mata zancen cewa ta yi, "Gara a yi ruwa in rasa digirin, Baba. Kada ka ko raba zuciyarka." Ban raba ba. Amma ruwan ya sake yankewa, wannan karon daidai lokacin da gero ke shirin yin ciki, kuma ya fi na bara tsanani. Aka fita roƙon ruwa, manya da yara, har da dabbobi. Kashegari ɗiyata ta sauka daga mota da tulu biyu da hutun da ta roƙo a makarantarta.

Wannan karon ba ta bar mini zaɓi ba, ba ta bar wa kanta ba. Ta sa muka lissafo duk wanda muka sani yana noman irin gida, daga Gangara har ƙauyukan da ke kan iyakar ƙasa, har wajen Isa. Ta rubuta kowa a 'yar takarda, ta nannaɗe, ta zuba a hulata. Taubashina ya rufe ido ya ciro arba'in. Duk inda takarda ta faɗa, can za mu. Da yawa suka faɗa can cikin jigawa, inda babur ke nutsewa a yashi. Ɗaya kuma ta faɗa gonar taubashin nawa, da hannunsa ya ciro ta. Tawa ba ta fito ba.

Sai ta ɗauko tsohuwar igiyar rijiyarmu ta yi mata ƙulli uku. In mun shiga gona, za a ja igiyar daga kusurwa a nufi kusurwar da ke fuskantarta. Tushen da ya fi kusa da kowane ƙulli shi za a yanka, ko kore ne ko ya kusa mutuwa.

Gonar farko ta wani dattijo ce, sa'an mahaifina. Ya tarbe mu da fara'a, ya shiga gaba zai kai mu gindin gawonsa kamar bara. Da ya waiwayo ya ga muna jan igiya a cikin busasshen wuri, sai fuskarsa ta canza.

"Mi kuka yi nan? Ga mai kyau can."

Ɗiyata ta durƙusa ta yi masa bayani. Ya saurara har ta gama.

"Bara na ba ku na kirki kun ce bai yi ba. Bana kuma kun zo ku kwashi tsiyata ku kai birni a gani?"

"Kaka, ba a rubuta sunan kowa. Lamba kawai ta."

"Lambar ai ni ta, jikanya."

Muka naɗe igiya muka tafi. A ranar mutum uku suka hana mu. Sanyin tulu yana raguwa, kuma kullum da yamma hadari na haɗuwa a gabas ya watse. Ranar da ruwa ya zuba, ganyen zai buɗe, abin da take nema ya ɓace. Ta zauna a zaure tana juya 'yan takardun nan a hannu.

Kashegari Jumma'a ce. Da aka sauko daga masallaci na roƙi dattawa su biyo ni gona. Akwai wani zirin jigawa a gabashin gonata da ban taɓa bi da baƙo ta wurin ba, ko a shekarar wadata. A wannan shekara kuwa geron wurin bai wuce ƙauri ba, ya naɗe ya yi toka-toka. Can na kai su. Ɗiyata ta matso ta ce mini a hankali, "Baba, taka ba ta cikin arba'in, ba za ni iya sa ta ba." Na ce na sani.

Na ja igiyar da kaina, na yanka ganyen da ƙulli ya nuna, na ɗaga shi kowa ya gani. Na ce musu bara ni na ɓata wa yarinyar nan shekara guda, kuma da ganye mai kyau na ɓata mata. Na ce wanda ke gindin gawo bai san abin da ake ciki ba, wannan mummunan shi ya sani, shi ake son a tambaya. Ban iya dogon jawabi ba, iyakar abin da na faɗa ke nan.

Dattijon nan na jiya ya tako da sandarsa, ya sunkuya ya daɗe yana duban geron nawa. Ya ɗago ya ce, "Kai, ashe naka ma ya hi nawa lalacewa." Aka fashe da dariya. Wani ya ce ai nasa ya fi na kowa muni, a zo a gani. Kafin mu bar wurin mutane suna gardamar wanda fari ya fi ci. Dattijon ya ce mu zo masa da sassafe.

Kwana tara muka yi muna yawo. Ni da tulu a bayan babur ɗin taubashina, ita a bayan wani ɗan kabu-kabu da igiya a kafaɗa. In tulu ɗaya ya cika mu kai shi tashar Isa, wata abokiyar karatunta ta tarbe shi a Sakkwato. A can kan iyaka muka sami gonar wani Bafulatani da ya yi kudu da shanunsa neman ciyawa, ya bar matarsa da gona. Ita ko a jikinta. Ta ce mu yanka duk inda muke so, in mun gama mu zo mu sha ɗan nonon da ya rage. Irinsu bai taɓa haɗuwa da na kasuwa ba, ɗiyata ta daɗe a tsugune a wurin tana shafa ganyen da ya naɗe kamar tsinke.

Gonar taubashina ita ce ta ƙarshe. Ƙullin tsakiya ya faɗa kan wani tushe da ya yi kama da tsohuwar tsintsiya, kuma taki ɗaya daga nan ga wani kore shar. Na ga babban yatsansa yana tura igiyar a hankali.

Ɗiyata ko ɗagowa ba ta yi ba. "Baffa, ƙahwarka."

"Tururuwa ta cije ni, ɗiya."

"Lalle tururuwar ta san inda mai kore yake."

Na ce, "Bar shi, tun yana yaro haka shika awo a kasuwa."

Ya ce, "Kai da gonarka ko takarda ta ƙi ta, yi mani shiru." Amma ya janye ƙafar, ya kau da kai har aka yanka.

Kwana biyu da gamawarmu ruwa ya sauko kamar da bakin ƙwarya. Na tsaya a ƙofar zaure ina kallo, ban da abin faɗi sai godiya. A wannan kakar masu sabon iri da yawa kara kawai suka kwasa. Mu masu na gida mun sami abin kai wa rumbu, ba yawa, amma mun samu.

Sai da aka yi watanni kafin ɗiyata ta dawo, wannan karon da kwamfuta. Ta buɗe ta a zaure da hantsi, ta kira mahaifiyarta ma ta zo. A sabuwar taswirar, manyan ɗigon nan suna nan a tsakiya. Amma can a gefe akwai wani ɗan gungu na ƙanana, bai fi faɗin farce ba, layuka sun ɗaure su tamau da juna. Ta sa yatsa a kai.

"Waɗanga babu su a ta bara. Sai cikin ganyen da yaj ji ƙishirwa suka haɗuwa."

Na ce, "To an samu ke nan."

Ta ce ita ma da farko ba ta yarda ba, tunda takarda ta taɓa yi mata ƙarya. Sai ta sa kwamfuta ta riƙa cire gona goma ba tare da zaɓi ba, ta sake zana taswirar da sauran, ta mayar da su ta cire wasu goman, haka ta yi ta yi ba adadi. Kowane karo gungun yana nan. Sannan ta zana da gonakin bakin hanya kaɗai, ta nuna mana. Gungun ya wargaje, rabinsa ya ɓace.

"Ka gani? Da mun tsaya inda babur ka zuwa da sauƙi, da rabinsu za mu gani, mu ce ba kome na ba."

Ta kuma rage wa manyan tsakiya layukan da suka tara don yawan bincikensu da aka yi, sai ga wasunsu sun koma daidai da saura. Ta gargaɗe ni kada in je kasuwa in ce ta gano maganin fari. Har yanzu ba a san aikin kowane ɗaya a gungun ba. Abin da ta gano shi ne inda ya kamata a duba. Mahaifiyarta ta ce ita dai ta san furarsa ta fi daɗi, ta tashi ta koma ɗaki.

Ranar da za ta kare aikinta gaban malamai, ni da taubashina muka shiga motar farko daga Isa, kowa da babbar riga. Tun a gida ta gaya mini za ta nuna taswirar bara ma. Na roƙe ta ta bar ta, ta ce, "Ita ta rabin aikin, Baba." Muka zauna a kujerun baya. Aka haska taswira biyu a bango, ta bara da ta bana, kafaɗa da kafaɗa. Turancin ya fi ƙarfina, amma na ji an ambaci Gangara, na ji an ambaci gawo da sunansa na Hausa. Akwai wani tsohon malami da aka gayyato daga wata jami'a don ya yi mata tambayoyi. Ya daɗe a kan taswirar bara fiye da ta bana. Ɗiyata tana amsawa a tsaye, hannunta ɗaya riƙe da bakin mayafi.

Can sai malaminta ya juyo ya nuna ni da alƙalami, ya ce da Hausa, "Ga mai laifin can a baya." Kowa ya waiwayo. Taubashina ya matsa gefe don kada a haɗa da shi. Baƙon malamin ya yi murmushi ya faɗi wata magana, malaminta ya fassara mini. Wai ya ce shi ma a nasa ɗakin gwajin an sha yin irin wannan zaɓen, sai dai ba kasafai ake komawa gona a tambayi inda aka yanka ba.

Aka ce mu fita. Muka tsaya a baranda, ita tana kallon ƙasa, ni ina jan carbi. Ba a daɗe ba aka kira ta ita kaɗai. Da ta fito, ta zo gabana ta durƙusa. Malaminta ne ya biyo ta yana faɗi da ƙarfi, "Ta ci, Bagobiri! Kuma geron naku mun karɓa. Ku kawo mana iri daga gonakin nan arba'in." Taubashina ya ruga fili ya cire hula ya jefa sama, ta faɗa kan rufin baranda, sai da aka nemo sanda. Ni dai na ce mata madalla, Allah ya yi albarka. 

Da damina ta zagayo aka shuka irin a gonar jami'a, layi arba'in. Ɗiyata ta ga fitowarsa, ta aiko mini da hoto ta wayar taubashina. A tsakiyar daminar ciwo ya kama ta, kwana shida, Allah ya karɓi abinsa.

Da kaka malaminta ya aiko a kira ni. Ya tarbe ni a bakin gonar, ya riƙe hannuna da hannu biyu, ya ce, "Malam, sannu da zuwa." Bai taɓa ce mini Malam ba. Na ga in na bar shi haka ba za mu iya shiga gonar ba, ni da shi. Na dubi kunyoyin na ce, "Bayarabe, wa yak koya maka noman gero? Dibi huɗa duk a karkace."

Ya yi dariya yana share ido da bayan hannu. "To shigo ka gyara, ai aikinku ne."

Sun yi wa rabin gonar rumfa mai hana ruwa sauka, don su yi nasu farin da gangan. A ƙarƙashinta sun shuka namu da na kasuwa, layi kusa da layi. Na kasuwa ya yi tsawo, amma da na murza kansa a tafin hannu sai ƙaiƙayi. Namu yana tsaye gajere, kawunansa ƙanana, na murza ɗaya ƙwaya ta zubo. Malamin ya ce ɗalibai biyu sun ɗauki gungun nan da ta gano, kowa da rabinsa, suna bin furotin ɗin ɗaya bayan ɗaya. Ya kira su suka gaishe ni, sannan ya miƙo mini wuƙa.

Na naɗe hannun riga na fara daga layin farko, ɗaliban suna biye da ni da buhuna masu lamba. Ba mu gama ba sai bayan la'asar.